Wa Zai Yi wa Ɗan Fari Magana?

Shekara tara ke nan da rasuwar ɗana na fari, kuma a gidan ƙanwarsa da ke Nassarawo ana kwantar da jariri a ƙuryar ɗaki tun safe har yamma babu mai ce masa uffan. Wannan shi ne ƙorafina. Na so in rubuta tunawa mai laushi irin wadda aka saba yi wa mamata a jarida, a ce mutumin kirki ne, a yi addu'a, a rufe. Mutumin kirki ne, Allah Ya ji ƙansa. Amma ba zan iya zama ina yabon wanda ya ƙare rayuwarsa yana nazarin yadda ƙwaƙwalwar sabon haihuwa ke ginuwa ba, alhali ɗan ƙanwarsa na kwance yana kallon silin.

Ba zan rubuta sunan ɗan nawa ba. Ban taɓa kiran sunan da bakina ba yana raye, ba kuma zan fara da alƙalami ba yau. Mutanen Mubi Dokta suke ce masa, duk da bai taɓa yi wa kowa allura ba, ni ma haka zan ce. Shi kuma Adda yake ce mini, kamar yayarsa, ƙannensa duk suka kwaikwaya. Wanda ya tashi a gidajenmu ya san dalili. Ga wanda bai sani ba, a wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi ya fasa baki sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗauke shi. Semteende tsofaffinmu ke ce wa abin. Na yi wa Dokta wannan kunya cikakkiya, kuma ban zo nan don in tuba ba. Bai cutu ba. Ku bari in gaya muku abin da ya sa bai cutu ba, domin duk maganar a nan take.

A gidan da aka kai ni aure akwai uwar mijina, Inna Asta. Allah bai halicci mace mai surutu kamarta ba a duk unguwar. Da zarar na gama ba yaron nono za ta karɓe shi ta goya, ba zan sake ganinsa ba sai yunwa ta dawo da shi. Tana tafiya mayo, wato rafi, wanki tana yi masa hira. Ta gaya masa sunayen shanun gidan da halin kowace saniya, ta kai masa ƙarar maƙwabciyarta, ta tambaye shi ra'ayinsa a kan farashin gishiri. Abin da ya fi ba mu dariya, in ta yi tambaya sai ta tsaya ta jira. In ya yi ɗan gurnanin nan na jarirai sai ta ce, "Au, haka ka ce? To ni ban yarda ba." Su yi ta musu, ita da mutumin da ko haƙori bai da shi. Bayan ita akwai ƙannen mijina mata, akwai matan wansa, kowa na jan kumatunsa. Bakina ɗaya ne ya rufe a gidan, sauran duk a buɗe suke a kansa.

Ni ban shiga aji ba sai bayan rasuwar mijina, na riga na haura arba'in. Da rana ina sayar da abinci a rumfata kusa da kasuwar shanu, da yamma in ɗauki jaka in tafi ajin yaƙi da jahilci, yaran unguwa na ce mini 'yar firamare mai furfura. Ban tsaya ba sai da na iya karanta jarida ba tare da na bi layi da yatsa ba. A lokacin Dokta ya yi nisa. Ya tafi waje karatu, ya dawo yana koyarwa a jami'a, yana komawa can lokaci-lokaci don ɗakin gwaje-gwajen da yake bukata babu irinsa kusa.

Wata damina ya zo hutu, ya same ni a rumfa bayan 'yan kasuwa sun gama cin abincin rana sun watse. Na ce masa, ina kallon tukunya ba shi ba, "Kai, wai me kake yi ne a can? Na gaji da ce wa mutane likita ne amma ba ya duba marar lafiya."

Ya yi dariya, ya share benci, ya buɗe kwamfutarsa. Abin da ya nuna mini ya yi kama da saiwoyin bishiya a cikin duhu. Can sai wani reshe ya yi wal da koren haske, ya mutu, wani ya ɗauka, kamar walƙiyar da muke gani a kan duwatsun gabas kafin ruwa ya sauko. Ya ce waɗannan ƙwayoyin jijiya ne, irin waɗanda suka cika ƙwaƙwalwa. Daga jariran ɓera yake samo su, ya raine su a ɗan farantin gilas, ya ɗauki hotonsu ta madubin ƙara girma. Na ce, "Duk karatun nan kiwon ɓera ka ƙare da shi? Da ka zauna gida ai da shanu ka samu." Ya ce ɓerayen sun fi sauƙin kai wa ruwa.

Ga yadda ya yi mini bayani, kuma na riƙe shi daram don na sa ya maimaita har ya shiga. Kowace ƙwaya, tana ƙarama, miƙa rassa take yi ta ko'ina tana lalube, tana neman 'yar'uwarta. Inda reshen wannan ya iske na waccan, nan suke kafa mahaɗa. Ba sa manne wa juna gaba ɗaya, akwai ɗan tsakani siriri, wannan ta jefa saƙo, waccan ta cafe. A wannan mahaɗa akwai sinadarai da ya kira furotin, kala-kala, kowanne da aikinsa. Ya nuna kasuwa da haɓa, ya ce in duba yadda dillali ke kama hannun mai saye da na mai sayarwa ya haɗa, ya ƙi saki sai an daidaita. Wasu furotin aikinsu ke nan, riƙe ɓangarorin biyu kada su rabu. Wasu ƙofofi ne. Wasu kuma su ne turakun da ke tsai da ƙofofin daidai inda saƙo zai faɗo.

Sai maganar kalsiyam. A wajen ƙwayar yana da yawa, a cikinta ɗan kaɗan ne. In saƙo ya iso da ƙarfi, ƙofa ta buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki. Shi ne hasken da nake gani, don ya sa wani rini da ke haske in ya gamu da shi. Wannan kwararowa ita ce ke gaya wa ƙwayar cewa wurin nan akwai amfani, a gina shi. Sai mahaɗar ta yi ƙwari, reshen ya zauna, ya fid da 'yan rassa. Wanda ya yi ta lalube bai ji komai ba, a hankali sai ya janye. Ya nuna mini wani faranti da ya toshe ƙofofin da magani, rassan sun bazu suna yawo ba su san inda za su tsaya ba. Ya nuna wani da aka cire furotin guda, mahaɗun suka fito tsiraru, marasa ƙarfi. Ya kuma ce in kalsiyam ɗin ya yi ambaliya, kashe ƙwayar yake yi. Komai a gwargwado, kuma a kan lokaci.

Na ce, "Yaɗon kabewa ke nan. Wanda ya kama danga ya yi kauri, wanda ya kama iska ya bushe."

Ya ce, "Kusan haka, Adda. Sai dai a nan dangar ma miƙo hannu take yi."

Wani mai sayar da igiyar shanu da ke gefe yana saurare ya tsoma baki, ya ce to gobe zai saya wa 'ya'yansa ƙwayar kalsiyam a kemis su ci jarrabawa. Dokta ya kama kai. Ya ce, "Baba, don Allah kada ka ce ni na aike ka. Kalsiyam ɗin yana nan jingim a bakin ƙofa, ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Mai ƙwanƙwasa ƙofar ake nema." Mutumin ya ce wa ke ƙwanƙwasawa? Ya ce wani ɓangare ƙwayoyin ke yi da kansu tun a ciki, kafin a haifi yaro. Sauran kuma duniya ce: abin da ido ya gani, abin da kunne ya ji, hannun da ya taɓa fata.

A nan na ajiye ludayi. Ni ba na kewaye-kewaye. Na ce, "To ni da ban yi maka magana ba fa?"

Ya ajiye kwamfutar a gefe. Ɗabi'arsa ce, ba ya faɗin abin da ya wuce saninsa ko da zai faranta wa mutum rai. Ya ce, "Adda, ni ɓera na sani, a faranti kuma. Tsakanin farantina da jaririn mutum akwai tafiya mai nisa, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma in ra'ayina kike tambaya, ke kin yi shiru, Inna Asta ta yi na mutum biyar. Waɗanda suka kafa al'adar nan ba su bar yaro babu baki ba. Sun dai canja wa bakin wuri ne."

Na zuba masa ƙarin miya. Ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi ni da shi. Bayan daminar da ta biyo, motar da ya shiga zuwa Maiduguri ta yi haɗari kusa da garin Uba. Aka kawo mini shi a rufe.

Yanzu in dawo kan yau. Makon jiya muka yi masa addu'a a gidana kamar kowace shekara. Autata Hadiza ta zo da ɗanta na fari, Sadiƙu, wanda bai kai ga zama ba tukuna. Uwar mijinta, Hajiya Dija, ita ma ta taso daga Uba, na gode mata. Tun da Hadiza ta gama wankan jego ta koma ɗakinta ban zauna da yaron sosai ba, domin gidan suruki ba wurin zuwana ba ne. Wannan ma wata kunyar ce da muke da ita, uwar mata ba ta zarya a gidan mijin 'yarta. In na hango shi a hanya, hanya nake canjawa.

Aka shimfiɗa wa yaron zane a gefen tabarma. Mata suna ta yabo, wai yaron kirki ne, ba ya kuka, ba ya damun kowa. Ni kuwa ina lura. Yaron lafiyayye ne, ya yi ɓul-ɓul, idonsa tar. Ya ɗan yi gurnani yana harba ƙafa, ya juya kai wajen uwarsa. Hadiza ta ji shi sarai, na ga kafaɗarta ta motsa, amma ta kafe ido a kan kofin da ke hannunta. Ya sake yi. Babu wanda ya amsa. Sai ya bari, ya mai da ido sama. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya bari da wuri, kamar wanda ya riga ya saba.

Na ce, "Hadiza, ɗanki na magana."

Hajiya Dija ce ta amsa. Ta ce, "A'a, Maman Dokta, kada ki ɓata mini tarbiyya. Da ƙyar na gyara ta. Ranar da na fara zuwa gidansu na same ta tana yi masa rawa tana kiran sunansa, ƙofa a buɗe, maƙwabta na ji. Na ce wannan 'yar gidan wa ce?"

Na ce, "'Yar gidana ce, Hajiya. To da kika rufe mata baki, wa kika bar masa?"

Ta ce, "Wa aka bar wa naki? Ga shi ya zama Dokta. Ko bokon da kika yi da furfura ne ya ce a daina kunya?"

Matan suka yi dariya, ni ma na yi, don ta iya zolaya. Na ce, "Nawa an bar masa tsohuwa mai baki kamar rediyo. Ke kina Uba, ni ina kasuwa, ubansa na kan hanyar Kamaru da kaya. Ɗaki biyu ne na haya, daga ita sai shi. Ki zo ki zauna da su mana, in ga ƙarshen magana."

Ta ce ita da gonarta da awakinta da tsohon mijinta, ina ta ga wannan sarari? Gaskiya ta faɗa. Ba muguwa ba ce. Abin da aka yi mata take yi, kuma tana son jikanta. Muka bar maganar a nan don ranar addu'a ce, ba ranar faɗa ba.

Da la'asar, bayan baƙi sun ragu, na ja Hadiza ɗaki. Na tambaye ta ko in suna su biyu tana yi masa hira. Ta sunkuyar da kai. Ta ce da tana yi, amma tun ranar da aka kira ta marar kunya harshenta ya yi nauyi, ko babu kowa sai ta ji kamar bango na da kunne. Kuma matar da ke ɗakin gefe 'yar garin su Hajiya ce, komai ta ji sai ya isa Uba. Na ce to me yake ji duk yini? Ta ce tana kunna masa waya ta jingina da matashi, 'yan tsana suna waƙa. Sannan ta ɗago ta ce, "Adda, ke ma ai haka kika yi wa Hamma Dokta." Na ce haka na yi, amma ni ban taɓa barinsa da matashi ba.

Tun ranar nake tambayar kaina me Dokta zai ce da yana nan. Na san ba zai ɗaga murya ba, ni ce mai wannan a gidan. Na san zai fara da cewa bai gwada ba, ba zai ce yaro ya lalace ba, ƙwaƙwalwa tana da juriya, kuma lokaci bai ƙure ba. In na kawo masa maganar waya, ina jin zai tambaya ko wayar tana tsayawa ta jira yaron ya amsa. Ba ta jira. Waƙarta take yi ko yana dariya ko yana barci. Zai kuma ce mu daina zagin al'ada gaba ɗayanta, don shi a cikinta ya girma. Matsalar ita ce mun taso daga babban gida mun dawo ɗakin haya, muka ɗauko rabin al'adar mai sauƙin ɗauka, wato shiru, muka baro rabin da ke bukatar mutane. Ba a gidan Hadiza kaɗai ba. Ku leƙa gidajen haya na Mubi inda amare ke zaune nesa da iyaye, za ku samu 'ya'yan fari da yawa da ake yabo don ba sa kuka.

Me ya rage na Dokta bayan shekara tara? Rubuce-rubucensa da Turanci suna can, ni ban iya su ba, ban kuma san ko waɗanda suka zo bayansa sun tabbatar da abin da ya gani ko sun gyara masa ba. Shi da kansa ya ce haka aikinsu yake, a gyara ka ba abin kunya ba ne. Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Ɗalibansa kan zo su gaishe ni, wasunsu yanzu su ma suna koyarwa. Abin da ya rage a wurina shi ne ya canja mini ido. Da in na ga jariri na harba ƙafa yana gurnani, sai in ce wasa yake yi. Yanzu na san aiki yake yi, lalube yake yi, kuma akwai abin da ke ginuwa ko ke janyewa a cikin kansa gwargwadon abin da ya samu. Mutum ba ya iya sanin wannan ya koma ya zauna kamar bai sani ba. Gādo ne mai nauyi ya bar mini, don ya hana ni yin shiru a inda kowa ya yi.

Na auna abin. Ba zan iya sa Hajiya Dija ta canja ra'ayi ba, ba zan kuma tura 'yata ta yi gaba da uwar mijinta ba, aurenta sabo ne. In Hadiza za ta ci gaba da kunyarta, ta ci gaba, harshenta zai saki a lokacinsa. Amma dole wani baki ya buɗe a ɗakin nan, kuma a duk Mubi babu kakar da ta fi kusa sai ni. Kunya biyu ce a gabana, ta ɗan fari da ta suruki, ɗaya sai ta kauce. Na zaɓi tawa ta kauce, don ni na tsufa, abin da za a faɗa a kaina ba zai kashe mini aure ba.

Yau da sassafe na je rumfa na samu Ladi, abokiyar sana'ata tun muna da ƙarfi, tana hura wuta. Na ce mata daga yau safiya tata ce, ni sai azahar. Na gaya mata dalili. Ta ce, "Tafi mana. Shinkafa ba ta san fuskarki ba. In mutanen Uba sun yi magana ki turo su wurina in ba su abinci su yi shiru."

Na tari keke napep zuwa Nassarawo. Da gangan na yi sammako don in tarar da maigidan bai fita ba, ba na son a ce ta bayan idonsa nake shigowa. Na yi sallama, shi ya buɗe. Da ya gan ni sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa idonsa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Ya ce, "Lafiya, Inna? Wani abu ya faru?"

Na ce, "Lafiya lau. Ba wurinka na zo ba, ba kuma wurin matarka ba. Wurin Sadiƙu na zo hira, kuma kullum zan zo. Ka gaya wa Hajiya da bakinka kafin maƙwabciya ta gaya mata."

Ya ce, "To, Inna." Ya matsa gefe.

Na cire takalmina na shiga.